Injin Da Nauyin Gwaggo Ya Ɗago

Na daɗe ina jin ku kuna gaya wa 'ya'yanku cewa ƙarar injin niƙa ce ta kashe mini kunnen hagu. Ban taɓa tanka muku ba, don in mutum ya ce zai gyara kowace magana da ake yi a kansa a cikin gidansa, ba zai sami lokacin cin tuwo ba. Amma a sallar da ta wuce na ji autanku yana cewa a kira 'yan gwangwan su kwashe tsohon injin da ke rumfar bayan gida, wai ya tare wuri, wai kuma ai shi ne ma ya kurmantar da Baba. Da kunnen dama na ji, shi kuwa lafiyarsa lau. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro. Injin nan bai taɓa kunnena ba. Ruwa ne ya karɓa, kuma da ƙafata na je na kai masa.

Ku da kuka tashi kuka ga hanyar mota har bakin kasuwa ba za ku gane garinmu na wancan lokaci ba. In damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika ya malale fadama, sai mu zama kamar malmalar tuwo a tsakiyar miya. Mai son zuwa Kirikasamma ko Haɗeja sai jirgi, ko kuma gora. Kakanku Malam Umaru masunci ne, ɗan siriri kamar sillen kara, mai ƙarancin magana. In ya kwanta rub da ciki a kan gorarsa, homar kamun kifi a kowane hannu, sai ka ce a kanta aka haife shi. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" nake a bakinsa, har na yi furfura. Ya koya mini iyo da nutso tun ban iya wanke allo ba, yana kuma sa ran zan gaji gorarsa. Ni kuwa tun ranar da na fara ganin injin niƙa yana aiki a Haɗeja hankalina ya bar kifi. Na je na zauna a ƙarƙashin wani mai inji kusa da kasuwa, na koyi kwance shi da ɗaura shi har ina iya yi ido rufe. A can ne na ga mahaifiyarku Kyallu, 'yar wani mai sayar da kanwa da bandar kifi wanda kakanninsa suka zo daga wajen tafkin Cadi. Allah ya yi, na kawo ta ƙauye.

Yarinyar birni ce, ba ta saba da turmi ba. A garinmu kuwa tun asuba mata ke kan taɓarya, surfe, ribɗi, daka, kullum kamar hukunci. Ba ta taɓa kawo mini kuka ba. Wata rana ne tana miƙo mini ruwan alwala na ga tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ya sake yin wani a kan wancan. Ta yi maza ta ɓoye a cikin zane. Abin ya tsaya mini a rai sosai. Ba da jimawa ba maigidana na Haɗeja ya ce zai sayar da tsohon injinsa, ni kuwa ina da bijimai biyu na huɗa da na gada ta wajen uwa, su ne duk abin da na mallaka a duniya. Na je na tsuguna gaban Baba na gaya masa abin da nake so in yi. Yana ɗinkin homa, bai ɗago ba.

"Ɗan masunci da ƙarfe," ya ce. "Ƙarfe da ruwa ba su taɓa shiri ba."

"Baba, a tudu zan kafa shi."

"Shanun naka ne."

Ai kun san in babba ya ce maka abu naka ne, bai yarda ba ke nan. Na sani, amma na sayar.

Muka zaɓi lokacin cikar ruwa don ɗauko shi, kuma ba wauta ba ce. Da rani yashin hanya yana haɗiye ƙafar amalanke, shanu huɗu ma ba za su ja wannan ƙarfe ba. Ruwa kuwa ba ruwansa da nauyi, in dai ka ba shi jirgi mai faɗin ciki zai kai maka kaya har bakin gari. Mai fiton garinmu Sale ne, ɗan Gwaggo Dije, yayar Baba. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba ma gaisawa sai da zagi. Uwarsa kuwa, Gwaggo Dije, dole in tsaya a kanta kaɗan, don ku ba ku riske ta da ƙarfinta ba. Allah ya tattara duk naman da ya hana Baba ya ba ta. In ta zauna a bakin kaskon suyar kifinta ba ka ganin kujerar. In tana dariya, kuma kullum tana yi, sai jikinta ya ci gaba da yi bayan ita ta gama. Masu fito sun mai da ita abin tsokana. In ta sa ƙafa a jirgi sai su ce ruwa ya taso gaishe ta, Sale da kansa yakan ce sai dai ta biya na mutum uku. Ita kuwa ta ce nonon da ya sha ma bai biya ba tukuna.

Muka ɗora kan niƙan da bel da ƙananan kaya a jirgi ɗaya, uwar injin kuma, mai babbar tayar ƙarfe, a jirgin Sale. Muka taso lafiya, muka ratso ta cikin ciyawar burugu da bado lafiya, har muka hango kukar bakin gari. A gindin kukar nan tsohuwar hanyar kogi ta bi, wurin yana da zurfi, Gurbin Kuka ake ce masa. Ashe Gwaggo ta tara matan garin kaf a gaɓa. Suna hango mu ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, wasu na ɗaga taɓare sama wai sun yi sallama da su. Mu kuwa maza biyar ne a jirgin, kowa da rigarsa ta zuwa birni. Har Sale ya rasu muna gardamar wanda ya fara miƙewa. Ni na ce shi ne, shi ya ce ni ne. Abin da ba gardama shi ne dukkanmu muka miƙe, duk ta gefen da matan suke, muna ɗaga hannu kamar masu dawowa daga Makka. 'Ya'yan masunta, waɗanda aka haifa a bakin ruwa! Injin ya gurgura ya biyo mu ta wannan gefen, jirgin ya kwanta a hankali kamar mai jin barci, guɗar ta yanke a tsakiya. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Hulata ma ita kaɗai ta yi iyo ta riga ni isa gaɓa. Injin dai ya tafi ƙasa.

Washegari duk mazan garin suka fito, Allah ya saka musu. Samari biyu suka yi nutso suka ɗaura igiya, aka jeru a gaɓa har tsofaffi, Bulama mai garinmu yana ba da murya, aka ja. Sai ga igiya ta taho da sauƙi, mutane suka zube a kan juna, ƙafafu a sama. Abin da ya fito bututun hayaƙi ne kawai. Ruwan cikar kogi ja ne, ba ka ganin tafin hannunka a ciki, yaran sun laluba sun ɗaure abin da hannunsu ya fara kamawa. Muka gwada gora. Duk yaron garinmu ya san ba a danna gora cikin ruwa, amma damuwa takan sa babba ya manta abin da yaro ya sani. Ƙarti uku suka hau kan gora ɗaya don su kai ta ƙasa a ɗaura mata injin, ta sulle ta yi tsalle ta fasa wa ɗaya leɓe. Muka gwada ja daga cikin jirgi. Da mun ja, maimakon injin ya taso, sai bakin jirgin ya sunkuya ya nufi ruwa. Ni na san dutse ma a cikin ruwa ya fi sauƙin ɗauka, kowane mai nutso ya san haka. Ba nauyin ne kaɗai ya hana ba, laka ce ta kama gindinsa, irin kamun da take wa ƙafarka a fadama har ka bar mata takalmi. Kullum kuma ƙara shigewa yake.

Baba ya ce a bar shi sai rani, in ruwa ya janye a haƙa. Ban yi masa musu ba, amma na san kafin rani laka ta cika cikinsa, tsatsa ta ci abin da ya rage. Ba shanu, ba inji, ba abin huɗa in damina ta zagayo. Hanya ɗaya ta rage, wadda samarin da suka rasa madafa ke bi, Legas, dako ko gadi, shekara uku ko biyar, wasu ma sai dai labari. Mahaifiyarku kuwa cikinta ya tsufa, na babbarku. Na same ta da hantsi tana tankaɗe na gaya mata. Ta ajiye rariyar.

"To in ka tafi, wa zai yi wa abin da ke cikin nan huɗuba?"

"Baba yana nan."

"Ni ban ce hannuna na ciwo ba. Na ce maka yana ciwo?"

"Ba ki ce ba."

"To ka zauna. Zan daka har in mutu."

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba, hawaye na sauka a cikin garin. Na fita don kada in yi nawa a gabanta.

Gwaggo ce ta tsayar da ni a ƙofar gida, tana juya kifin karfasa a kasko. Sale yana tsugune kusa da ita yana satar ƙananan, yana ba ta labarin yadda jirginsa ke sunkuyawa duk lokacin da muka ja igiya. Ya ce tun da aka sassaƙa jirgin nan abu biyu ne kawai suka taɓa kai bakinsa ruwa, injin wannan shashashan da kuma ita. Ta ɗaga matsamin kifin za ta kwaɗa masa, sai ta tsaya da shi a sama.

"Kai Sale, in na shiga jirginka ƙasa yake yi?"

"Inna, har kifi na ba shi hanya."

"To in na fita fa?"

"Ya yi ajiyar zuciya ya taso."

"Akwai wanda ya taɓa iya hana shi tasowa?"

Sale ya daina taunar kifin da ke bakinsa. Ta juyo gare ni.

"Kai ɗan ƙanena, ku kuna ta ja da hannu, ga abin da ya fi ku ƙarfi kuna zaune a kansa. Ku cika jirgin da mutane har ya nutsa iya nutsuwarsa. Ku ɗaure igiyar tamau a lokacin. Sannan mu sauka. In ya ga dama ya zauna a ƙasa, in ya ga dama ya taso da abokin ɗaurinsa. Ni dai shekara da shekaru ina sauka daga jirage, ban taɓa ganin wanda ya zauna ba."

Wallahi sai na ji kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji. Nan take ni da Sale muka ƙarasa sauran a ƙasa da tsinke: jirage biyu gefe da gefe, azara biyu a gicciye a kansu, igiya ta sauka ta tsakiya, don kada abin da ya faru ya sake faruwa. Saura abu ɗaya. Dole igiyar ta bi ta ƙarƙashin gindin injin, ta cikin ramukan da ake ɗaure shi da ƙasa, in ba haka ba wani abin za ta sake ɓallowa. A garin nan kaf ba wanda zai gane ramukan nan da lalube a cikin duhun ruwa sai ni. Ni kuwa shiga ruwan kwanakin nan ya sa mini mura, hancina a toshe kamar an liƙe da ƙaro. Baba ya ji shirinmu, ya kuma ji yadda nake magana ta hanci. Ya aiko aka kira ni.

"Mai mura ba ya nutso," ya ce. "Tun kana tsirara na gaya maka."

"Baba, kafin ta sake ni laka ta rufe shi."

"Zurfin Gurbin Kuka ya fi gaba uku. Ruwan sama yana da nauyi a kan na ƙasa, duk wanda ya sauka shi ke ɗauke da shi. Mai lafiya ya toshe hanci ya hura, kunne ya buɗe. Kai ta ina za ka hura?"



"Ƙarfe ne fa," ya ƙara faɗa.

"Ba ƙarfe ba ne, Baba. Zamana ne a garin nan."

Shi ne karo na farko da na taɓa mayar masa da magana, kuma ban sake ba har ya bar duniya. Ya dube ni, abin da ba ya yi, sannan ya mai da idonsa kan homarsa. Bai ce je ka ba, bai kuma sake cewa kada ka je ba.

Da hantsin Asabar garin ya sake fitowa, har da mutanen ƙauyukan kusa da suka ji labari suka zo kallon wautar 'ya'yan masunta kashi na biyu. Aka jera jiragen a kan gurbin, aka ɗaure azarori. Na tuɓe, na ɗaura bakin igiyar rama mai kauri a ƙugu, na yi bisimilla, na bi sandar da muka kafa daidai inda injin yake na sauka. Na sauka zurfin gaba guda lafiya. Daga nan sai na ji kamar wani ya sa manyan yatsunsa biyu a kunnuwana yana dannawa. Na toshe hanci na hura, na dama ya yi ƙit ya buɗe, na hagu ya ƙi. Na ƙara ƙasa, yatsan ya zama tsinke, tsinken ya zama ƙusa. Hannuna ya taɓa tayar ƙarfen, sanyi ƙalau, rabinta a cikin laka. Na tona da yatsu na sami rami na farko na zura igiya, numfashina ya ƙare, na taso. A sauka ta biyu na sami na biyu. Sale ya ga fuskata ya ce in bari haka, na ce rami biyu injin zai karkace ya zame. A sauka ta uku ne, ina cikin ɗaurin ƙarshe, na ji wani abu ya yi fus a cikin kaina, zafin ya ɗauke gaba ɗaya, ruwa mai sanyi ya shiga inda ruwa bai taɓa shiga ba. Duniya ta juya, na rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Abin da ya cece ni karatun Baba ne: in ka ɓata a ruwa kada ka yi kokawa, ka saki jiki, iskar ƙirjinka ta san hanyar gida. Na ja ƙullin, na saki jiki, ruwan da ya danne ni shi ya miƙo ni sama.

Suka ciro ni jini na bin wuyana, ina amai, kukar bakin gari tana ta zagaya ni. Har yanzu bakin igiyar yana hannuna, na ƙi saki. Sai na ji an kama ta. Na buɗe ido, Baba ne a kan gorarsa, ban san lokacin da ya shigo ruwan ba.

"Ba ni nan," ya ce.

Aka kai ni gindin kuka aka kwantar, Gwaggo ta toshe mini kunnen da auduga, ta ce in na mutu kafin in ga aikinta ba za ta yafe mini ba. Daga nan na kalli sauran, da ido biyu da kunne ɗaya. Jirgi na uku ya riƙa kwasar mutane yana kai su. Bulama ya shiga da rawaninsa, liman ya shiga, mahauci, masu kallon da suka zo yi mana dariya su ma aka ce su zo su yi amfani. Gwaggo ce ta ƙarshe. Da ta sa ƙafa jama'a suka ɗauki sowa, jiragen suka yi ƙasa har ruwa ya kusa lasar baki. Sale ya duba ya ce saura yatsa biyu, wa zai cike? Sai Baba ya bar gorarsa ya hau, ya zauna a kan azara a tsakiya. Nauyinsa bai fi na zakara ba, amma na ga jirgin ya karɓe shi. Shi ya ja igiyar da samari har ta yi tauri kamar tsarkiya, shi ya yi mata ɗaurin masunta da hannunsa.

Aka fara sauka. Samari suka yi ta faɗawa ruwa, manya suka koma jirgi na uku. Mutum goma suka fita, jiragen ba su motsa ba. Wasu goma suka fita, azarori suka fara ƙara, igiya na ɗigar da ruwa, amma shiru.  Aka kwashe kowa, har Baba, saura Gwaggo ita kaɗai zaune daram a gefe ɗaya, ta miƙe ƙafa kamar tana ɗakinta.

"Inna, sauko mana!" in ji Sale daga cikin ruwa.

"Na mutum nawa zan biya?"

"Inna, don Allah!"

"Faɗa wa jama'a su ji. Na mutum nawa?"

"Kyauta, Inna! Har abada kyauta!"

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce bisimillahi, ta mirgina ta faɗa ruwa. Ruwan da ya tashi ya jiƙa har liman. Ta taso tana yawo a kai kamar ƙwarya, don a ruwa ba wanda ya kai ta rashin nauyi. Jiragen suka yi wata girgiza. Sai kumfa ta taso daga tsakiyarsu, baƙar laka ta biyo ta tana warwatsuwa, ga wari, sannan jiragen biyu suka ɗago tare, a hankali, jiƙaƙƙen gefensu yana fitowa yana ƙyalli a rana. Guɗar da ta yanke ranar nan, Gwaggo ta ƙarasa ta daga cikin ruwa. Na ji ta da kunne ɗaya, kuma ta ishe ni. Na kifa fuska a ƙasa na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa muku.

Ba a gama a nan ba. Taƙi ɗaya kawai injin ya bar ƙasa, yana rataye a ƙarƙashin jiragen. Aka tura su wajen gaɓa har ya sake taɓa ƙasa, aka sake cika su da mutane, aka rage igiya, aka sake sauka. Haka aka yi ta yi har la'asar, abin ya koma wasa, 'yan mata suka ƙirƙiro masa waƙa, yara na rigimar shiga. Gwaggo ta shiga ta fita har ta ce a rayuwarta ba a taɓa roƙon ta hau jirgi haka ba. Da tayar ƙarfen ta ɓullo saman ruwa, shafe da laka, mutane suka rungume shi suka fito da shi a kafaɗa. Mahaifiyarku tana tsaye can baya cikin mata, kunya ba ta bar ta ta matso ba. Ta dai ɗaga mini hannun nan nata, ta buɗe tafin.

Ina jiri ina kwance injin. Na baje kayan cikinsa a kan tabarmi, na wanke kowane da man gas, na shanya, Sale yana miƙo mini sifana yana cewa da hular tawa ce injin da ba mu sha wahala ba. Kunnen ya yi ruwa, ya yi wari, da hanya ta buɗe na je asibiti a Haɗeja suka ce dodon kunnen ya fashe kuma na makara. Ban yi baƙin ciki sosai ba, na riga na san abin da na saya da shi. Ranar da na juya hannun injin ya yi tari, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi ya kama, awakin garin suka tsinke igiya, matan kuwa suka yi layi da ƙore a ka har bayan masallaci. Ba a yi sati biyu ba aka haifi babbarku. Ni na yi mata huɗuba da bakina. Tuwon sunanta da garin injin nan aka tuƙa shi, kuma sunan Gwaggo ta ci, ko da yake ta tashi siririya kamar kakanta, abin da Gwaggo ta ce cin amana ne. Da injin nan aka yi muku makaranta dukkanku, ban taɓa kwana a Legas ba.

Baba bai taɓa ce mini na yi daidai ba, bai kuma taɓa cewa ai ya gaya mini ba, ko da yake ya gaya mini, kuma gaskiyarsa ce. Abin da ya yi shi ne wannan. Tun ina yaro in muna cin tuwo a zaure wurin zamansa a hagu da ni yake, jikin bango, inda yake jingina. Ranar sunan nan ya shigo, ya nufi wurinsa, sai ya tsaya. Ya zagaya bayan tabarma, ya ce wa Sale ya matsa, ya zauna ta damana, inda ba bango ba abin jingina. A nan ya ci gaba da zama har ƙarshen ransa, ko a masallaci, ko a gona, ko a jirgi, mutumin da maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Yana so in ya yi ta, in ji.

Saboda haka injin nan yana nan inda yake. In na tafi ku yi yadda kuka ga dama, amma ku bari in tafi tukuna. Kuma ku daina yi mini ihu ta hagu kuna cewa Baba ya tsufa. Ku zagayo ta dama, kamar yadda kakanku ya yi.